Lamba Goma, Guda Biyu

Ran Lahadi El Alto kan zama kasuwa ɗaya,
tun daga bakin gangare har inda ido ya gaji.
Sanyi na cizon kunne, iskar ba ta cika ƙirji,
Illimani na can da farin kansa, ba ruwansa da ciniki.
Kuɗina na cikin safa,
ladan wata bakwai ina wanke ƙananan bas da ruwa mai yankan hannu.
Don Eleuterio na gaba yana ɗingishi,
ina biye, bai ko waiwaya ba.

Sai ga wani jan akwati ya wangale baki kamar kada,
haƙora ɗari da ashirin, kowanne na walƙiya.
Mai shi ya ce, "Ɗauki, yarinya, ki gama sayayya yau."
Hannuna har ya kai idon sawu.
Tsohon ya zaro sifana guda, ya ƙwanƙwasa ta a dutse,
ta yi kuka irin na gwangwanin madara.
"Yovana," ya ce, "kyan ɗan maciji ke nan.
Wannan ba ta kwance noti, kunnuwansa take cinyewa,
ta bar ki da mulmulallen kai
da mai mota a tsaye yana duba agogo."

Muka kutsa lungun da Doña Primitiva ta baza tsoffin ƙarafa
a kan leda, kamar mai shanyar barkono.
Nan ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara.
Takwas, sha biyu, sha huɗu, sha bakwai,
baƙaƙe, masu nauyi, gumin wasu ya riga ya goge su.
Lamba goma ya ɗauki biyu.
Na ce ai ɗaya ta isa.
Ya yi dariya har ganyen kumatunsa ya leƙo:
"Goma tana da ƙafa."

Sukudireba mai baki shimfiɗe, da mai kan gicciye,
filaya wadda haƙoranta ke haɗuwa ba rata,
ya ɗaga ta ga rana, haske bai ratsa ba.
Guduma madaidaiciya.
"Babbar guduma," in ji shi, "ta mai gajen haƙuri ce."
Tocila ƙarama da zan iya riƙewa da haƙori.

Saura kuɗin na so in sa a jak mai kyau.
Ya ce jak akwai a gareji, na kowa ne.
Ya nuna wasu ƙafafun ƙarfe biyu, munana, masu tsatsa,
sun fi duk sauran tsada.
Na tura baki.
Sai ya ɗage wandonsa zuwa gwiwa a tsakiyar kasuwa,
na ga inda ƙashi ya karye ya haɗu a karkace.
"Jak ɗagawa ya iya.
Bai iya riƙon amana ba."
Na biya, ban nemi ragi ba.

Akwati kuwa babu.
Tsohon buhun shinkafa na zuba su, suna kacau-kacau a bayana,
da sabulu guda, da canjin da bai kai kuɗin mota ba.
Da ƙafa muka koma.

Litinin wata farar bas ta shigo tana tari.
Na buɗe ta, na miƙa hannu can ƙasan inji,
yatsuna sun sandare,
goma ta suɓuce,
ta bugi wani abu, ta bugi wani, sannan shiru.
Na leƙa ƙasa, na leƙa kwata. Ko alama.
Kunya ta hau mini wuya.
Na laluba aljihu, 'yar uwarta na nan da ɗuminta.

Don Eleuterio na kwance ƙarƙashin wata mota,
takalmansa kawai nake gani.
Daga can muryarsa ta fito:
"Ran Lahadi ki sayo wata."