Ƙafa ta Uku

Tun kafin gari ya waye Terente ya kashe inji,
ya bar kwalekwale ya sulale tsakanin kacalla,
a inda Danube ke tsefe kanta gida-gida
kafin ta faɗa teku.
Can nesa, fari-fari kamar shanyar wanki,
garken kwasakwasa bai farka ba.

Shekara talatin ina ɗaukar tsuntsu da hannu.
Gwiwar hannu a haƙarƙari, numfashi rabi,
sai ƙyas.
Masu saɓa ƙarfe mai ƙafa uku a kafaɗa
nakan ce musu: ku sayi jaki mana.

Yau na murza zoben, na zuƙo,
ɗari biyu, ɗari huɗu, milimita ɗari shida.
Guda ɗaya ya taso daga ƙarshen ruwa
ya cika mini ido:
ga jakar haɓa, ga raɓa a gashin wuya,
ga ƙwayar ido ja kamar kaura.
Sai dai ba shi kaɗai ya matso ba.
Gilashin da ya ninka tsuntsu sau goma sha biyu
ya ninka rawar hannuna sau goma sha biyu.
Bugun zuciya ya koma girgizar ƙasa,
tsuntsu na tsalle daga kusurwa zuwa kusurwa
alhali ko gashinsa bai motsa ba.

Da rana ce, da na yi wa tsufa wayo,
in sa ƙiftawar ta riga rawar,
ɗaya bisa dubu na sakan, in wuce abina.
Amma hasken asuba marowaci ne,
da cokali yake awo.
Dole idon kyamara ya jima a buɗe,
kuma duk abin da hannu ya yi cikin jiran nan
hoto ba ya rufa masa asiri.

Ilinca, 'yar ɗana, ba ta ce uffan ba.
Ta jawo abin daga ƙarƙashin benci,
ashe tun jiya ta ɓoye shi cikin bargo.
Terente ya kaɗa kai: ba a nan ba.
Jirgi numfashi yake,
ƙafa uku ko goma, tsegumin ruwa za su kai wa gilashi.
Ya tura mu da gora zuwa wani ɗan tudu,
muka sauka, laka na tsotsar takalma.

Ta ware ƙafafun, ta danna kowace
har ta taɓo ƙasa mai gaskiya,
ta ɗora kyamara, ta ɗaure.
Kaka, in ji ta, tukunya ma
ba ta zama kan duwatsu biyu.

Na leƙa.
Duniya ta tsaya cak.
Na ƙirga silin gashi a ƙeyarsa,
na ga wani tsohon tabo a gefen baki,
wataƙila ƙugiyar masunci, wataƙila faɗa.
Na kai yatsa, ta riƙe wuyan hannuna:
sa masa sakan biyu, ka janye.
Na danna, na janye,
na harɗe hannu a baya
kamar yaron da aka gargaɗa a shagon tangaran.
Ƙyas.
Hoton da ya fi duk na rayuwata kaifi,
ba hannuna a kai aka ɗauke shi.

Sai rana ta huda kacalla,
garke ya tashi, ruwa ya ɗauki tafi.
A nan ƙarfe ya zama gurgu.
Ilinca ta fizge kyamarar daga kansa,
ta rage zuƙowa don ta samu fili,
gwiwar hannu a haƙarƙari, numfashi rabi,
tana juyawa da su kamar da zare aka haɗa su.
Ban taɓa koya mata ba.
Kallo ta yi.

Da za mu koma jirgi laka ta riƙe ni.
Na naɗe ƙafafun nan uku wuri ɗaya,
na dogara.
Terente ya ga komai, ya mai da ido kan igiya.
Bai ce in sayi jaki ba.