Bakin Buji Ya Yi Fari

Kwana goma sha ɗaya cikin motar Ɗanladi yana buɗe a gabana,
tsohuwar Pijo mai ɗauko rake daga Matamai.
Na jera fistan huɗu bisa buhu,
na sa musu sababbin zobba daga kasuwar Dole,
kulas ya dawo daga wurin goga, sumul kamar goshin jariri.
Babu notin da ban ɗaure da hannuna ba.

Da muka tada ta, tari biyu ta yi ta kama.
Tasi'u ya buga tsalle, ya zubar da shayina.
Ni ban yi dariya ba.
Numfashinta na rawa
kamar na wanda ya hau duwatsun Birni da gudu.
In ka taka, sai ta yi jim,
ta yi atishawa ta bakin kafireto,
sannan ta tuna aikinta.

Mun kama hanyar Mirya don gwaji.
Kafin mu bar gari da nisa allurar zafi ta fara hawa.
Na tsaya gindin gawo, na kwance buji na farko.
Lafiyayyen buji launin soyayyar gyaɗa gare shi.
Wannan fari ne fat,
leɓen mai azumi da la'asar.

Inji ma fura yake sha, mai da iska,
kuma shi ya san damun da ke riƙe masa ciki.
Tamu an tsinka ta.
Ko dai mai ba ya isowa,
ko iska ta samu ƙofar ɓarawo.

Na fara da zargin mai sayar da esansi a kwalba.
Na sake matata. Na gwada famfo, yana tofi da ƙarfinsa.
Na zare jikile na busa, na ɗaga shi ga rana,
haske ya wuce.
Da na rasa wanda zan kama
sai na kama Tasi'u:
kai ne ka wanke kafireto, me ka bari a ciki?
Ya dubi ƙasa. Mai walda ya ɗaga gilashinsa yana kallonmu.

Ɗanladi ya zo sau uku a rana ɗaya,
ba ya faɗa, tsayuwa kawai yake,
rakensa na can yana shan rana.

Da magariba aka ɗauke wuta a Zango.
Walda ta mutu, rediyon mai faci ya yi shiru.
Na tada ta cikin duhun,
na sa bakin tiyo a kunne, ɗaya bakin ina lalube da shi
kamar likita a ƙirjin tsoho.
Can bayan kafireto, inda bututu ya haɗu da kulas,
na ji fito,
siriri, kamar sauro a daki.
Na ɗiga mai a wurin. Inji ya ɗaga murya, ya daidaita,
ya sha, ya koma rawarsa.

Juwan ne.
Tsohon, wanda na goge na shafa wa gam na mayar
don jaka biyu ta zauna a aljihuna.
Ranar nan Tasi'u ya ce, maigida, wannan kuwa?
Na ce masa, riƙe kile, ka yi shiru.

Shi ke riƙe da tocila.
Bai ɗauke hasken daga tsagar ba, bai kuma dube ni ba.

Da safe na ba shi kuɗi da babur ɗina.
Shi ya sayo sabo, shi ya ɗaura, ina miƙa masa kile.
Bujin ya dawo daga Mirya da launin gyaɗa.
Tsohon juwan yana rataye a ƙusa, saman teburina,
kusa da kalanda.
Masu zuwa na tambaya ko laya ce.