Ƙugiyoyin Baba

Kamfani ya yaye ta.
Haka Nanle ta ce, a shagonta na Taminus,
sukudireba a haƙora, ido a kan allo.
Ba sauran gyara daga can, in ji ta, ba sauran rigakafi.
Gida ne da aka cire wa ƙyaure,
kwashe kayanka tun ɓarawo bai ji labari ba.

To ai ba kayana ba ne.
Shekara goma sha tara Baba na buga wa mutane takardu a Gangare,
shafi ɗaya naira hamsin, bashi ga wanda ya sani.
Wasiƙar neman aiki, yarjejeniyar haya,
lissafin buhunan dankalin Alhaji Tasi'u daga Bokkos,
koken tsofaffin leburorin kuza
da suka rasu amsa tana hanya.
Bai taɓa goge ko ɗaya ba.
Yakan ce, mai ita zai dawo.

Muka soka filas, abin da bai kai ɗan yatsa ba.
Allo ya ce saura minti shida.
Ya ce saura awa biyu.
Ya koma minti shida,
kamar yaron mota a Farin Gada mai rantsuwa saura mutum ɗaya.
Ruwan Agusta ya rufe kwano da duka,
wuta ta ɗauke, Nanle ta ja janareto,
muka koma farko.
Fankar cikin akwatin tana tari
irin wanda Baba kan yi kafin alwalar asuba.

Da magariba komai ya haye,
takarda dubu huɗu da ɗari biyu da sha ɗaya.
Na buɗe su a sabuwa, mai sulɓi, marar ƙara,
sai na tarar an yi wa haruffa fashi a hanya.
Ashe da wani tsohon zubi Baba ke buga ƙugiya,
wanda wani malamin jami'a ya ba shi a faifai,
sabuwar kuwa ba ta san dangin ba.
Inda ƙa take, inda ɗa, inda ɓa,
ɗan akwati ne fanko ya tsaya kamar giɓin haƙori.

Ɗaki ya zama aki.
Wani bawan Allah da aka ɗaure a kotu kan iyakar gona,
yanzu takarda ta ce an aure shi.
Na yi dariya har Nanle ta leƙo.

Can ƙasa na ga wata mai suna Lantana.
Sunan Inna ne, da bai taɓa kira a gabanmu ba.
Kwanan watan, sati uku bayan mun kai ta Zaria Road.
Layi biyar ne kacal, rabi zancen kuɗin makarantarmu,
na ƙarshe ya ce:
har yanzu ina aunarki.

Na daɗe ina kallon gurbin.

Na ce, Nanle, ba yadda za a mayar da su lokaci guda?
Ta girgiza kai. Akwatin duk iri ɗaya ne,
na'ura ba ta san wanne ne ƙa, wanne ne ɗa ba,
sai mai harshen ya zauna.

Shi ne nake zaune.
Kullum bayan isha'i, da shayi da bargo,
ina rataya wa kowane baƙi ƙugiyarsa.
Na kai ta ɗari uku da bakwai.
Jiya jikar Alhaji Tasi'u ta zo neman takardar filinsu,
na samo mata, ta biya hamsin duk da na ce ta bari.

Tsohuwar tana ƙarƙashin tebur, wayarta a naɗe.
Masu gwangwan sun taya dubu uku.
Na ce su dawo bayan damina.

Ta Inna kuwa ban taɓa ba tukuna.
Harafi ɗaya ne, na sani.