Ɗari da Tamanin

A ƙarƙashin jami'ar Coimbra,
inda amon ƙararrawar hasumiya ba ya kaiwa,
akwai ɗaki mai ɗumi, rani da hunturu duk ɗaya,
ruwa na ɓulɓula cikin akwatunan gilashi.
Sunana Ermelinda. Ni ke ciyar da kifaye.

Ba su kai ɗan yatsana tsawo ba,
zanen jikinsu irin na jakin dawa.
Ƙarfe takwas fitila ta kunna kanta,
su ɗauka gari ne ya waye.
Ban taɓa faɗa musu gaskiya ba.

Telmo ya nemi ɗari uku.
Ya cika takarda shafi goma sha tara,
ya sa kwat ɗin da ya ci bikin ƙanwarsa da ita,
ya hau bene gaban kwamiti.
Ga likitar dabbobi, ga masanin lissafi,
ga wata tsohuwa mai gidan burodi
da aka zaunar a madadin mutanen gari.
Ita ce ta cire tabarau ta ce,
"Yaro, in ka yanka, yana jin zafi?"
Telmo ya shiga kewaye-kewaye.
Ta ce, "Ban tambayi tsawon igiya ba.
Rijiyar da ruwa ko babu?"
Ya ce, "Yana ji."
Suka ba shi ɗari da tamanin.
Kwana uku bai gaishe ni ba,
sai ka ce ni na cinye masa sauran.

Ranar aiki ni ke haɗa ruwan barci.
In tsoma kifi, in jira ya juya ciki sama,
in taɓa wutsiya. In shiru, in miƙa.
Telmo ya kwantar da shi kan jiƙaƙƙen soso,
da almakashi irin na gyaran gira
ya datse bakin zuciya.
Jinin bai kai ƙwayar gero ba.
In mai da shi gida, in yi ta kaɗa masa ruwa
ina cewa tashi, tashi mana, ɗan nan.

Bakwai ba su tashi ba.
Suna cikin littafina, kowa da lamba da kwanan wata.
Shafin nan kwamiti zai fara buɗewa,
ni ma shi nake fara buɗewa.

Bayan wata biyu Telmo ya ƙwala mini kira,
na zo da guga a hannu, na leƙa madubi.
Zuciya ta cike gurbinta,
ba ɗinki, ba tabo, kamar ba a taɓa ba.
Na yi murna, ba zan ɓoye ba.
Sai dai kafin a ga ta warke
sai da aka kashe mai ita.

Da yamma Amílcar na jirana a gindin matakala.
Da can a guje yake hawanta da buhun siminti,
yanzu sau uku yake tsayawa,
ya dafa bango, ya yi kamar kogin Mondego yake kallo.
Likita ya ce inda tasa zuciyar ta mutu
tabo ne, kuma tabo ba ya bugawa.

"Kifayenki sun faɗi asirin?"
"Tukuna."
"Ki ce su yi sauri."
Ya yi dariya, tari ya karɓe ta.

A gida na gasa masa sadin guda huɗu,
ba takarda, ba kwamiti, ba ruwan barci.
Na zare ƙaya, na ɗiga man zaitun.
Ya cinye uku. Ta huɗu ta tsaya tana kallona.

Litinin na wanke akwatuna goma sha takwas,
na goge lambobin da barasa.
A ƙaramin faranti sababbin ƙwai sun ƙyanƙyashe,
jikinsu garau kamar ruwan da suke ciki,
har ana hango abin yana bugawa.
Na ɗauko alƙalami.
Na soma ƙirga daga ɗaya.