Sabuwar Salansa

Fijon Baba doguwa ce, mai kujera layi uku,
ta girme ni da damina biyu.
Ta yi jigilar dankali daga Bokkos,
ta sauke kabeji a Farin Gada tun ina goye,
sau nawa ta hau Hawan Kibo, Allah kaɗai ya ƙirga.
Da ya rasu, 'yan'uwa suka raba fili da shago,
ni aka miƙo min mukulli ɗaure da tsumma.

Aibinta ɗaya, baki.
Tsatsa ta cinye salansarta kamar gara a azara.
In na tayar da ita da asuba
karnukan Rikkos su amsa, ladan ya ƙara murya,
Malam Ɗahiru ya leƙo ta katanga:
"Sha'aibu, wai tankar yaƙi ka gada?"
Na ɗaure da waya, na toshe da gwangwanin madara,
hayaƙi bai fasa shigowa ta ƙasan kujera ba.
Ranar da Hajjo ta sauka a makaranta
idonta ja, hijabinta na warin mai,
ranar na nufi Dilimi.

Ikenna ya zaro wata daga ƙarƙashin tarkace,
'yar Kwatano, fara tas.
Ya ƙwanƙwasa ta da sifana, ta amsa kamar tasa.
Ya ce ta wata mota ce, amma bututu bai san dangi ba.
Muka yi ciniki har shayinsa ya huce.
Kuɗin buhu huɗu na dankali.
Na ƙirga masa ina haɗiyar yawu.

Pam mai walda ya shige rami,
baƙin tabarau a goshi, sanyi na cizon yatsu.
Noti uku suka ƙi, ya ba su baƙin mai, ya lallashe su,
na huɗu ya yanke shi da wuta.
Tsohuwar ta faɗo hannunsa, ba nauyi.
Huda bakwai na ƙirga a cikinta,
da wata jar waya da ba ni na ɗaura ba.
Ɗaurin Baba ne. Na san ƙullinsa,
haka yake ɗaure bakin buhu.

Tartsatsi ya zubo, shuɗi da ruwan goro.
Pam ya lanƙwasa bututu, ya gwada, ya rage,
ya rataye ta da sabuwar roba,
ya ce, "Tayar."
Na murza. Na kai hannu zan sake murzawa,
na zaci ba ta kama ba.
Ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Tana yi, maigida. Numfashi take."

Na biya na ɗauko Hajjo.
A hanya na ji abin da ban taɓa ji ba,
taya na taka tsakuwa,
gorar ruwa na birgima a but,
yarinya na bitar haddarta ƙasa-ƙasa.

Na shiga gida, Inna na kan tabarma,
yana ta daɗe da rufe mata ido.
Murhu a mace. Sallamata ta sa ta zabura.
"Da ƙafa ka zo?"

Ashe shekara talatin
tun daga kwanar masallaci take jin ta,
ta ɗora ruwan shayi, ta gyara ɗaurin kallabi.
Mai motar ya tafi,
ƙarar ta ci gaba da dawowa gida duk magariba.
Ni kuwa na ba da buhu huɗu aka rufe mata baki.

Inna ba ta ƙara cewa komai ba. Ta lalubo ashana.

Tsohuwar salansa tana bayan ɗaki da jar wayarta,
Pam ya so ya saya a kilo, na hana.
Yanzu in na kawo kwanar masallaci
sai in danna hon sau biyu, in ja na uku.
Malam Ɗahiru ya koma leƙe ta katanga.
Ko a jikina.
Kafin in kashe inji
hayaƙin murhu ya riga ya tashi.