Shayin Ƙarfe Huɗu

A Taminus, wajen mai tsofaffin littattafai,
na sayi wani marar bango, naira ɗari uku,
gajerun labarai daga Indiya.
A shafi na arba'in na ci karo da kakana.

Sunan ba nasa ba ne, garin ma ba namu ba,
amma na san ƙullin laktayen nan,
na san gyaran muryar nan kafin a soma Turanci.

Akawu Tanimu na Gangare,
shekara ashirin da shida a ofishin kuza, Bukuru.
Ƙarfe huɗu, ko ƙanƙara ke dukan kwano,
sai an kafa masa tebur a zaure,
shayi a kofin tangaran mai tsaga,
ɗan ƙaramin yatsa a miƙe kamar mai rantsuwa.
Tuwon acca ma da cokali mai yatsu,
miyar kuka na zurarewa ta tsakani.
Hajjo daga bakin murhu:
"Malam, hannun naka jingina ka ba da shi?"

Ba ya tankawa.
Mai Lofe bai taɓa magana da loma a baki ba.
Mai Lofe, Baturen da ya bar masa kwat
ranar da zai hau jirgin ƙasa,
kwat mai hannuwa har sun haɗiye yatsu.
Kulob kuwa, iyakarsa ƙofar baya,
fayil a hammata, yana jiran a gama dariya a ciki.

Mun sha kwaikwayon tafiyarsa a soro.
Marubucin can ma ya yi wa nasa dariya
shafi goma cur,
sannan ya rufe labarin, ya bar shi a tashar jirgi.

Namu bai rufu a nan ba.
Bayan sadakar bakwai Hajjo ta zazzage kwat,
aljihun ciki ya tofo takarda ninki huɗu,
rubutun ajami, tawada ta koɗe:
Choji, Dalyop, Ɗan Zabarma, Mai Kano ƙarami,
har goma sha ɗaya,
leburorin da rami ya rufta da su wata damina.
A ƙasa ya ƙara layi guda:
littafin ofis ya ce sun gudu.

Littafin ofis kuwa, shi ke rubuta shi,
da baƙaƙen nan masu kwanciya dama
da Mai Lofe ke yabo.

Kofin yana wurina.
Tsagar ta kai gindi yanzu,
shayi ba ya zama a ciki.