Ƙusar da Ta Narke

A bakin gadar Binuwai, ranar Talata,
babur ya kwashi Ƙyale-su,
ɗan kwikwiyo mai wata biyar,
ya watsar gaban masu kifi.
Na naɗo shi cikin buhun albasa,
ƙafar baya tana lilo kamar igiyar guga.

Likita Dudu Hamajoda ta ɗaga hoton ƙashi
saitin taga, don an ɗauke wuta.
Ta ce, "Ka ga siririn layin nan?
Ta nan ƙashi ke ƙara tsawo,
kuma nan ɗin ya karye.
In na sa ƙarfe zai riƙe, amma riƙon marowaci:
ƙafa uku su girma, ɗaya ta tsaya a ƙuruciya,
sai an sake tsaga shi an cire."

Ta warware 'yar takarda.
Ga farar ƙusa, kaurin tsinken tsire.
"Wannan za ta riƙe har ɗori ya kama,
sannan jiki ya shanye ta
yadda ruwa ke shanye kanwa."

Na ce, jaka arba'in na sefa
a kan abin da zai ɓace?
Ni magini ne, Likita.
Abin da na kafa, so nake jikoki su tarar.
Ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Itacen da kake tokare bakan-gizo da shi,
ina yake zuwa in laka ta bushe?"
Na yi shiru. Na ƙirga kuɗin.

Mako shida yana ɗingishi a tsakar gida,
ƙanwata Gambo tana mita, wai kare ya fi mu gata.
Binuwai ta cika, ta janye, ta sake cika.
Na gama soro uku a Rumde.

Da muka koma aka sake hoto
na nemi ƙusata sama da ƙasa.
Babu.
Ƙashi kawai, sumul, ya ƙara yatsa biyu.

A hanyar gida na tuna Kawu Ɗantani,
wanda ya riƙe ni bayan rasuwar Baba,
ya koya mini murza tubali,
ya bar Garwa ko sallama babu
shekarar da hannuna ya faɗa.
Shekara ashirin ina jin haushinsa.

Ƙyale-su na can gaba, ya tasa ƙadangare.
Na tsura wa ƙafafunsa ido,
na kasa tuna ko ta dama ce ko ta hagu.